Tawul Ya Dawo a Bushe

An rushe gidan. Da ƙafata na je Bin Mahmud, tsohuwar unguwarmu a Doha, na gani, don ni ba na karɓar irin wannan labari daga bakin wani. Na sauka daga jirgin nan nasu mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, na yi ta bin layi ina neman dabino biyu da ke ƙofar gidan, ko kututturensu ban gani ba. Wurin yanzu dogon bene ne, a ƙasansa shagon gyaran gashi da kantin kayan miya. Wani magidanci ɗan ƙasarmu ne ke gadin ƙofa. Da ya ga na daɗe tsaye ina kallon bango sai ya ce, "Hajiya, wa kike nema?" Na ce masa wanda nake nema ya daɗe a ƙasa. Ya yi mini ta'aziyya, ya jawo mini kujera. Ban zauna ba.

Jikokina ne suka tashe ni zuwa can. 'Yar farina ce ta dawo da ni garin nan bayan tsufa ya kama ni, ita tana aikin jinya, ni ina riƙe mata 'ya'ya a unguwar Muntaza. 'Yan matan nan biyu ba su da aiki sai kallon finafinan Koriya a waya. Rannan muna cin abinci, babbar ta ɗauki kwalbar lemo da hannu biyu ta zuba wa ƙaramar. Ƙaramar ta karɓa da hannu biyu, ta kau da kai gefe, ta kare kofin da tafin hannu, ta shanye, ta ce, "Kaaa!" Suka fashe da dariya. Ni kuwa lomar da ke hannuna kwano ta koma. Na ce, "Wa ya koya muku wannan?" Suka ce, "Kai, Hajiya, wasa ne fa. Haka suke yi a fim, ladabi ne a wurinsu." Na ce na san ladabi ne, tun uwarku ba ta zo duniya ba na san shi, kuma duk wadda ta sake yi a gabana a kanta zan fasa kofin. Sun ɗauka rikicin tsufa ne. Shi ya sa na zauna ina rubuta wannan da hannun da bai kama alƙalami ba sai da furfura ta fito, a ajin yaƙi da jahilci, gaban malamar da na haifi sa'arta. Rubutuna ba shi da kyau, amma babu ƙarya a ciki.

Ina yarinya ɗanya muka fara zuwa Doha, a shekara ta biyu da aurenmu. Malam, wato mijina, direba ne. A Jidda ya koyi tuƙi, wani kafil, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙon ma'aikaci, ya ɗauko shi daga can ya haɗa shi da kamfanin Koriyawa masu wani babban gini a bakin teku, can kudu da gari. Doha ta wancan lokaci gajeruwa ce. In na hau soro shanya ina hango ruwa. Da asuba wannan masallaci zai kira salla, wancan ya amsa, kana iya bambance muryar kowane ladani. Awaki na yawo a lungu, motar ruwa na busa ƙaho, na'urar sanyaya ɗaki ta kowane gida ta leƙo da gindinta waje tana gurnani tana ɗigar da ruwa a ƙasa. A Mushairib muke sayen yadi wurin Indiyawa, a shagunan da mutum biyu ba sa wucewa a jere. Yau Mushairib gilashi ce da dutse mai sheƙi, ka wuni a ciki ba wanda zai tambaye ka ɗan wane ne kai. A da ba haka ba ne. Gari ne mai ƙarancin magana da yawan kunne. Ba a ce maka komai, amma an san da wace ƙafa ka fito.

Leburorin kamfanin da yawancin injiniyoyi a sansani suke kwana, kusa da aikin. Gidan Bin Mahmud na hutun manya ne. Aka ba mu ɗaki a bayan gidan, ni kuma aka sa ni taimakon mai dafa musu abinci, wani tsohon Bakoriye da ya rasa yatsa ɗaya. Kuku kawai muke ce masa. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, sai muka haɗu a guntun Larabci da nuni da hannu. A wurinsa na koyi wanke shinkafa har ruwan ya fito garau, da barbaɗa wa kabeji gishiri ganye-ganye a baho, da dakan tafarnuwa da barkono har hannuna ya daina jin zafi, da jiƙa wake a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ƙyalle har ya yi tsiro. Mutum ne mai tsabta, mai faɗa, kuma bai taɓa sa ni taɓa naman alade ba. Wannan na shaide shi.

Akwai wani banɗaki a ƙarshen gidan da ba a buɗewa, makullinsa a wuyan Kuku. Bangonsa ɗaya da ɗakinmu. Tun satin farko na fara jin wata ƙara daga can, a hankali, ba ta tsayawa: ɓul, sai shiru, sai kuma ɓul, kamar wani abu na numfashi a cikin ruwa. Ina sujada ina jin ta. Ranar da na ga ƙofar a buɗe, na ga jarkoki shuɗɗa jere da bango, da tukunya mai murfi da siririn bututu. Shinkafa ce da sukari da yis. Giya Kuku yake haɗawa, fara tas kamar ruwan sha, sadiki suke kiranta. Ya juyo ya gan ni, ya ɗora yatsa a ƙasan idonsa ya ce, "Inti mafi shuf." Wato ban ga komai ba. Na gane. Kowa a garin ya san hukuncin. Su in an kama su, jirgi ne zuwa gida. Musulmi kuwa sai ya sha bulala tukuna, sannan a kore shi, labarin kuma ya riga shi isa ƙauyensu.

Ranar Juma'a ce hutunsu. Da safe Malam zai je sansani ya ɗebo manyan, ya sauke su a gida, ya wuce masallaci. Rana na tsaka Kuku zai sa in taya shi rataya barguna a tagogi, gidan ya yi duhu kamar rami, a kunna fitila. Su zauna a ƙasa kewaye da gajeren tebur, kowa da wurinsa gwargwadon shekarunsa, don su in sun haɗu da baƙo shekarar haihuwa suke fara tambaya kafin suna. A kan gaba babbansu yake zama, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana da nake kira Mai Furfura. Ni kuma ina kicin, ina miƙa abinci ta wata 'yar taga, ta nan na ga komai.

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wani daɗi ba. Ban taɓa ganin haram da aka yi wa ado da ladabi kamar wannan ba. Ba wanda ke taɓa kofi sai Mai Furfura ya ɗaga nasa. Ba wanda ke zuba wa kansa, komai ƙishinsa, sai na kusa da shi ya zuba masa. In ƙarami zai zuba wa babba, sai ya tashi kan gwiwoyinsa, ya riƙe kwalba da dama, ya tallafi hannun da hagu. In babba ne ya zuba masa, ya karɓa da hannu biyu yana sunkuyar da kai, sannan ya juya fuskarsa gefe, ya kare bakinsa, don kada dattijo ya ga yana sha. Kofunan ƙanana ne, ba su fi kurɓa ɗaya ba. In kuwa aka bar kofin mutum babu komai a ciki, abin kunya ne ga maƙwabcinsa, nan take ake cika shi. Ina kallonsu ina tuna gidanmu, yadda muke durƙusawa mu miƙa wa baba ruwa da hannu biyu, yadda ba a haɗa ido da babba, yadda ba a cin abinci a gaban suruki. Na ce a raina, mutanen nan sun sami tarbiyya, Shaiɗan ne ya zo ya zauna a tsakiyarta. Yaran yanzu da ke miƙa wa uwarsu abu da hagu, idonsu na kan waya, ba za su gane yadda irin wannan ladabi yake ɗaure mutum ba. Mu ya ɗaure mu, kuma ta nan aka shigo mana.

Da farko Malam a kicin yake cin abincinsa in ya dawo daga masallaci, ya kwanta a inuwa har la'asar, sannan ya mayar da su. Alheri ne ya ja shi cikin ɗakin. Wata rana zafi ya kayar da Mai Furfura a wurin aiki, Malam ya goya shi a baya har mota, ya kai shi asibiti. Juma'ar da ta biyo, dattijon ya aiko a kira shi. Aka matsa masa wuri a tebur, da hularsa da turaren masallaci a jikinsa. Kakata takan ce ba kowace tabarma da aka shimfiɗa maka ake zama a kai ba. Malam kuwa ɗan gidan malamai ne na Zariya, an rene shi da cewa a'a ba ta fita daga bakin yaro zuwa kunnen babba. Mai Furfura ya ɗauki kwalba da kansa. Ina ta tagar nan ina kallo. Malam ya miƙa hannu biyu ya karɓa, don bai san wata hanyar karɓar abu daga dattijo ba. Kunya ta sa ya kau da kai, ya kare kofin da hannu, ya juye shi cikin ƙaramin tawul ɗin da yake ratayawa a wuya saboda gumi. Ya juyo da kofi babu komai.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Wani ya buga masa kafaɗa, wani ya yi ihu. Kuku ya shigo kicin yana murna kamar ɗansa ne ya ci jarrabawa. Da Larabcinsa da hannuwansa ya gaya mini cewa yaransu na gida sai an shekara ana koya musu wannan, ga baƙon da ba wanda ya koya wa, ya yi daidai tun daga karɓa har kau da kai. Ba su san kunya suka gani ba. Kafin ya gama magana an sake cika kofin.

Da yamma, bayan ya mayar da su ya dawo, ya jefa mini tawul ɗin a baho.

"Bakanuwa, wanke mini wannan. Ki sa sabulu da yawa."

Na ce, "Malam, me ya kai ka?"

"Ƙafata. Ke, ko ɗigo bai shiga bakina ba. Tawul ne ya bugu, shi za ki yi wa wa'azi."

"Ka gaya musu kai Musulmi ne mana."

"Da hular nan a kaina ba su sani ba? Dattijo ya miƙo mini abu da hannunsa a gaban yaransa, in ce masa a'a? Haka ake yi a Kano? Da yake ku kowa abokin ciniki ne, har ubanku sai kun taya."

"A Kano dai an gaya mana bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"To ai ni da idona biyu, uwar iyayen baki. Kawo tuwo."

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Mutum ne mai sa dariya.

Daga nan kowace Juma'a da wurinsa a tebur. Ni ce na gano kuskurensa. Na tambayi Kuku, wanda ba ya son sha fa, yaya yake yi? Ya ce mai sauƙi ne: ya karɓa, ya kai kusa da baki, ya ajiye da abinsa a ciki. Ba a ƙara wa kofin da bai ƙare ba, zai iya wuni a gabanka. Na ruga na gaya wa Malam. Ya ce shi ba ya iya zama da abin nan a gabansa yana kallonsa, gara ya kawar da shi da wuri. Ga shi kuma duk wanda ya kawar, wani ke maye gurbinsa. Cikin 'yan makonni ya yi suna a cikinsu: direban da ke shanye kofi goma ya tashi garau, ya ja mota ba ta karkata ba. Mutumin da ya yi irin wannan suna ba shi da halin ya ce yau zai bar kofi a cike. Ƙaramin tawul ya kasa, na ba shi babba. Da sanda nake ɗaga shi, in wanke shi shi kaɗai, in ɗauraye har sau bakwai, in wanke bahon. A lokacin na sami cikin 'yar farina, warin nan na tayar mini da zuciya tun daga ƙofa. Na tsine wa tawul ɗin nan ba adadi.

Laulayi ya kwantar da ni, na yi Juma'a biyu ko uku ban leƙa tagar ba. Ina kwance a ɗaki, ta bango jarkoki na numfashi, ta tsakar gida ana buga tsinken cin abinci a bakin tebur ana waƙa. Wata yamma Malam ya shigo ya rataye tawul ɗin a ƙusa maimakon ya jefa a baho. Da ya fita alwala na tashi na taɓa. Da ɗan danshi, na gumi. Na kai hanci. Babu wari. Na tsaya riƙe da shi. Warin da na tsana ashe shi ne kwanciyar hankalina. Ya dawo yana tauna kanumfari, ya ta da salla, karatun da ya saba yi da murya a magariba ya yi shi can ƙasa-ƙasa.

Washegari na tambayi Kuku. Ya ba ni amsa da fara'a, shi a ganinsa albishir yake mini. Wai Mai Furfura ya ɗaukaka mijina. A wurinsu babu girmamawar da ta kai babba ya shanye kofinsa, ya miƙa maka shi da hannunsa, ya zuba maka a ciki, kai kuma ka shanye ka mayar masa ka zuba masa. To haka ya yi wa Malam. Ya matso da shi kusa, gwiwa da gwiwa, sannan ya ce masa daga yau ya daina kau da kai, ya sha a sake, ya zama ɗan'uwa. Kun ji. Wurin ɓuya ɗaya gare shi, girmamawa ta zo ta ɗauke.

Juma'a uku na yi shiru. Wannan laifina ne, kuma ba na neman a yi mini uzuri. Ni ma da irin igiyarsa aka ɗaure ni: mace ba ta tsare mijinta da tambaya, ba ta nuna ta ga abin da ya ɓoye. Duk yammar Juma'a sai in hau soro in bi motar da ido har ta ɓace, in kasa sauka. Na taɓa bin hanyar sansanin sau ɗaya. Siririya ce, mota ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, tankokin mai na wucewa suna girgiza ƙasa, raƙuma na ratsawa yadda suka ga dama. A gefenta gawarwakin motoci ne a yashe cikin rairayi, an bar su rana na cinsu. A kan wannan hanya mijina ke ɗaukar mutum bakwai da abin nan a cikinsa.

Juma'a ta huɗu sun gama wani babban sashe na aikin, aka yi shagali fiye da kullum. Na daure na koma kicin. Kwalabe suka yi ta fita. Mai Furfura, da ba a jin muryarsa, ya tashi ya yi wata waƙa mai jan rai, hawaye na zuba, sauran na buga masa tsinke. Kuku ya ce waƙar garinsu ce. Da ya zauna ya shanye kofinsa, ya miƙa wa Malam. Na kafa ido a maƙogwaron mijina. Na ga ya motsa. Malam ya mayar da kofin, ya zuba wa dattijon, na gaba ma ya miƙo nasa, na gaba da shi ma haka, don kowa na so ya girmama wanda babba ya girmama. Sai na ji Malam ya yi wata dariya da ban san shi da ita ba, ya dangwarar da kofi ya ce, "Kaaa!" Hularsa ta karkace, bai gyara ba.

La'asar ta yi, suka miƙe. Na tare shi a lungun da ke tsakanin kicin da ƙofa, yana lalubar takalminsa da ƙafa yana kuskure.

"Malam, ba ni makullin."

"Ke, matsa."

"Ka sha. Na gani da idona."

"Rage murya! Lafiyata lau. Makon jiya ban kai su ba? Wancan makon fa?"

"Yau ba za ka kai su ba."

"Bakanuwa, ba wasa nake ba. Ba ni hanya."

Na ba shi hanya, amma na riga shi fita. Da zanen aiki, hannuna duk barkono, na buɗe ƙofar gaban motar na zauna a kujerar da Mai Furfura kaɗai ke zama. Kujerar ta ƙona mini baya, ban motsa ba. Layin ya yi tsit, sai ladani da ya gama kira, da maza ɗai-ɗai cikin fararen riguna suna tafiya masallaci. Koriyawa suka fito suna ƙifta ido saboda hasken rana. Da suka gan ni suka tsaya cak. Mai Furfura ya dube ni, ya dubi Malam, ya ce, "Yalla." Wato mu tafi.

Malam ya zagayo ya shiga mazauninsa, ya sunkuyo yana magana ta tsakanin haƙora. "Don girman Allah ki fita. Kada ki tona mini asiri a titi."

Na ce, "Tayar. In hanyar za ta ci su, ta haɗa da ni da abin da ke cikina. Ba zan zauna a ƙasar mutane ina jira a kawo mini kai a naɗe a bargo ba."

"Za ki kashe mini aiki."

"Tayar, na ce."

Ya kai makulli, ya kuskure ramin, ya sake, ya shiga. Hannunsa na kan makullin. Na ɗora nawa hannun a cikina na kalli gaba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ina jin numfashinsa, ina jin warin da kanumfari bai rufe ba, ina jin ɗigar ruwan na'urar maƙwabta a ƙasa. Sai ya zare makullin. Ya fita, ya tsaya gaban Mai Furfura, ya ce da Larabci ba zai tuƙa ba. Dattijon ya karkato kunne, bai ji ba, ko kuma bai yarda da abin da ya ji ba. Malam ya maimaita da ƙarfi, ya ƙara da cewa, "Na sha." Wannan ce a'a ta farko da na taɓa jin ya gaya wa babba, kuma a tsakiyar titi ta fito. Wani tsohon Balarabe maƙwabcinmu, wanda suke sahu ɗaya da Malam kullum, yana wucewa da carbinsa. Ya tsaya. Ya dubi hular Malam, ya dubi fuskarsa, ya nemi gafarar Allah a fili, ya ci gaba da tafiya.

Kafin a idar da sallar nan Kuku ya juye jarkokin duka a magudana, gidan ya ɗauki wari har soro. Aka sauke barguna, aka fasa tukunyar. Koriyawa suka kwana a nan, washegari wata mota ta zo ta ɗebe su. Kwana biyu muna zaune a ɗaki, bango ya yi shiru, duk motar da ta rage gudu a layin sai Malam ya miƙe tsaye. 'Yan sanda ba su zo ba. Kafil ne ya zo a rana ta uku, bai ko zauna ba. Ya ce maganar ta je masa, kuma an yi mana sutura da ba ta wuce shi ba. Khalas, magana ta ƙare, mu haɗa kaya. Ranar tafiya Mai Furfura ya zo har ƙofar ɗakinmu, ya cire agogon hannunsa, ya sunkuya ya miƙa wa Malam. Idonsa ya yi ja. Na yi imani har ya mutu bai san abin da ya yi mana ba, shi a wurinsa ƙauna ya nuna. Ni bai dube ni ba, ni ma ban nema ba.

Muka koma gida. Na haihu lafiya. Malam ya sami motar haya, ya ci da mu, ya tufatar da mu, ya sa 'ya'yansa makaranta. Ban sake jin warin nan a jikinsa ba, kuma na nema, don hancina bai taɓa yin ritaya ba. A unguwa ana kiransa mutumin kirki, kuma shi ne. Maganar Doha bai ƙara tayar da ita ba, ni ma haka. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba, bai ƙaurace mini ba. Sai dai Bakanuwa ta mutu a bakinsa, na koma "ke". Kuma tun daga ƙofar motar nan bai sake karɓar komai daga hannuna ba. In na kawo abinci, sai in ajiye a tabarma ya ɗauka. In na miƙa buta, sai ya nuna mini ƙasa da ido. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ni ce maratayin.

A ciwonsa na ajali hannunsa rawa yake, ko cokali ba ya riƙewa. 'Yarsa ce ke ba shi ruwa a baki. In ta tafi aiki, daga ni sai shi. Wata rana ƙishi ya dame shi, leɓɓansa sun bushe, na kawo ruwa na durƙusa na kai masa baki. Ya dube ni, ya dubi kujerar da ke gefen gado. Na ce, "Malam, har yanzu?" Ya sake nuna kujerar da ido. Na ajiye. Ya miƙa hannu ya ɗauka, rabi ya zube a rigarsa kafin ya kai baki. Na zauna ina kallon furfurar da ta rufe masa kai, da jikokinsa na wasa a tsakar gida. Na ce masa, "Sha a hankali. In ya ƙare zan ajiye maka wani."